Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Mota Rimot na Tayarwa da Alam

Da zarar zafin Fabrairu da Maris ya sauka a Kumasi, tambayar da ake yi mini a shago a Suame Magazine da kuma a majalisarmu ta Aboabo ɗaya ce: "Masta, abin nan da ake dannawa mota ta tashi da kanta, zai hau tsohuwar Corolla tawa?" Zai hau. Masu ƙasashen ƙanƙara suna sa shi ne don ɗumama mota, mu kuwa don esi ya riga mu shiga, kada mutum ya fito daga sallar Juma'a ya tarar sitiyari ba ya taɓuwa. Yawancin na'urorin akwati ɗaya ne mai aiki biyu, tayarwa da alam, don haka tare zan bi da su. Aikin yini guda ne ga mai haƙuri. Abin da ke cin lokacin kuwa gano wayoyi ne, domin launin waya ba ya faɗin gaskiya, mitar auna wuta ce ke faɗa.

1. Duba ko motarka za ta karɓa

Fara da giya. Otomatik ita ce mai sauƙi. Mai giyar hannu tana da haɗari, domin idan ka bar ta a giya ɗaya ka danna rimot daga nesa, tafiya za ta yi babu direba. Akwai na'urorin da aka yi musamman dominta, waɗanda ba sa yarda su tayar sai ka ja burkin hannu, ka fita inji na aiki, ka rufe ƙofa, sannan na'urar ta kashe injin da kanta. Ta haka take tabbatar da cewa babu giya a ciki. Idan ba irin wannan ka samu ba, sa alam kaɗai ka haƙura da tayarwa.

Sai inji. Mai injekta lafiya lau. Mai kafireta, wadda sai an yi mata famfon totur da safe, ba ta dace ba, domin rimot ba shi da ƙafa. Mai dizal tana buƙatar na'urar da ke jiran hita ta yi zafi kafin ta buga stata.

Na uku makulli. Daga ƙarshen shekarun 1990 motocin Turai da yawa suna zuwa da imobilaiza, wato ɗan guntun lantarki a cikin kan makulli wanda in babu shi inji ba zai kama ba. Jamus da Ingila sun wajabta shi a sababbin motoci tun 1998, saboda haka motar da ta sauka Tema daga can, ka ɗauka tana da shi. Na Amurka kuwa sai ka gwada. Naɗe kan makullin da takardar alminiyam sosai, ka murɗa. Idan stata ya buga inji ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take, akwai imobilaiza.

Gargaɗi: motar da da ma take wahalar tashi, ko batirinta ya gaji, a gyara ta tukuna. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5.

Bayanina duka na motocin da ake murɗa musu makulli ne, irin na kafin 2008. Na bayan nan, musamman masu maɓallin dannawa, kusan komai nasu ta kwamfuta yake bi, aikinsu daban ne.

2. Sayayya da lissafin kuɗi

A Kumasi, Magazine za ka nufa. Wanda ke Akra ya je Abossey Okai. Farashi yana bin dala, don haka ka taya a shago uku kafin ka ciro sidi. Za ka tarar da masu suna irin Viper, Compustar da Steelmate, da kuma tarin marasa suna masu araha. Ni ba na hana mutum sayen mai araha, amma ina da sharaɗi uku: a buɗe kwalin a gabanka ka ga takardar zanen wayoyi a yaren da kake iya karantawa, manyan wayoyin su kasance masu kauri kuma da fiyus a jikinsu, sannan a ga wayar burki da ta bonet a zanen. Wadda ba ta da waɗannan wayoyi biyun, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

Kuɗin ba na akwatin kaɗai ba ne, kuma a nan mutane ke jin an cuce su. Lissafa da na'urar ketare imobilaiza in motarka na da shi, da kuɗin yanko makulli na biyu a saita shi, wanda wani lokaci yakan kusan kamo kuɗin akwatin. Idan ƙofofinka ba sa kulle kansu, akwai kuɗin ƙananan injinan kulle ƙofa guda huɗu. Ƙara rile (ɗan swic da wuta ke kunnawa) biyu ko uku, dalma, tef mai kyau, da robar rufe haɗi mai tsukewa da zafi. In masta za ka ba aikin, ku yi cinikin kuɗin hannu tun farko, ka kuma tambaye shi kai tsaye ko da dalma zai haɗa.

Rimot iri biyu ne. Akwai mai aikawa kawai, akwai mai ɗan allo wanda ke dawo maka da labarin cewa mota ta tashi ko an taɓa ta. Na biyun ya fi tsada, amma ga mai shago cikin Kejetia wanda ba ya hango motarsa, shi ne mai amfani.

3. Kayan aiki

Mita mai nuna lamba, ƙarfen dalma, filaya mai fere waya, sukuddireba, sifana mai lamba 10, igiyoyin roba na ɗaure waya, tocila, takarda da biro. Waya mai kyamara ma kayan aiki ce: ɗauki hoton kowane wuri kafin ka kwance shi.

Gargaɗi: ajiye fitilar gwajin nan mai ƙwan lantarki da yaran shago ke so. Tana jan wuta, kuma in ta taɓa wayar kwamfuta ko ta jakar iska za ta iya yin ɓarna.

4. Buɗe ƙasan sitiyari

Sauke gilashin direba kafin komai. Sabon alam yakan kulle ƙofofi da zarar ya samu wuta, kuma na sha ganin makulli a ciki, masta a waje. Cire kan batir na negatif, ka jira kamar minti biyu wutar jakar iska ta sauka. Idan rediyonka mai neman lambar sirri ne, kamar na tsofaffin Honda, nemo lambar tun kafin ka cire batir.

Kwance robar ƙasan sitiyari da murfin da ya rufe wuyansa. Za ka ga damin wayoyi masu kauri suna fitowa daga bayan gidan makulli. Su muke nema.

Gargaɗi: duk waya ko soket da aka naɗe da rawaya, na jakar iska ne. Kar ka auna, kar ka fere, kar ka ja.

5. Gano wayoyin makulli

Mayar da batir. Sa mita a volt na batir, ka maƙala baƙin bakinta a ƙarfen bodi mai tsafta, jan bakin kuma ka riƙa cusawa ta bayan soket ba tare da ka yanka komai ba. Kowace waya ka auna ta a wurare huɗu na makulli: a kashe, a ACC, a ON, da lokacin da ka murɗa zuwa START.

Wadda ta nuna 12 ko da makulli na aljihunka, ita ce wuta mai zama. Daga nan akwatin zai ci. Wasu motocin biyu gare su.

Wadda ba ta da komai sai a START, ta dawo sifili da ka saki makulli, ita ce ta stata.

Wadda ta kawo wuta a ON kuma ta riƙe ta har lokacin da stata ke bugawa, ita ce ignishin. Ita ke ciyar da kwayil, famfon fetur da kwamfuta.

Wadda ta kawo wuta a ACC ko a ON amma ta ɗauke lokacin bugun stata, ita ce ta kayan ciki, wato rediyo da fankar esi.

Bambancin waɗannan biyun na ƙarshe shi ne inda rabin masu koyo ke faɗuwa, domin a ON duka 12 suke nunawa. Sai ka samu wani ya murɗa maka makulli kana kallon mita. In ka musanya su, stata zai yi ta bugawa inji ba zai kama ba.

Kada ka tsaya da ka samu huɗu. Ƙirga wayoyin soket ɗin duka, ka auna kowace. Toyota da yawa suna da ignishin biyu, Nissan da yawa suna da wayar stata biyu. In ka bar ignishin na biyu babu wuta, motar za ta iya tashi amma fitilar inji ta kunnu, ko altaneta ya ƙi caji, ko giya ta rikice. In kuma mota ta tashi esi ya yi shiru, to wayar fanka ce ka tsallake, kuma dalilin sayen na'urar gaba ɗaya ya tashi a banza. Idan akwatinka ba shi da isassun wayoyin fita, ƙara rile ga kowace. Kada ka haɗe wayoyin mota biyu wuri ɗaya don gudun sayen rile, kamfani bai raba su don wasa ba.

Duk wadda ka gano, manna mata tef ka rubuta sunanta. Zanen da ka samo a intanet taimako ne kawai. Motocinmu sun bi ta hannaye da yawa, wasu an canja musu inji, wasu an taɓa juya musu sitiyari, wasu ɓera ya ci waya wani ya maye ta da launin da ya samu.

6. Wayoyin da ke hana haɗari

Waɗannan su ne masu gaggawa ke naɗewa su cusa a lungu, don mota na tashi ko babu su.

Ta burki tana kan swic ɗin da ke saman fedar burki. Nemi wadda ke nuna sifili, ta koma 12 in ka taka. Aikinta shi ne kashe injin idan wani ya shiga ya taka burki babu makulli. Ɓarawo ba zai iya cire giya daga P ba sai ya taka burki, yana takawa mota ta mutu, ga sitiyari a kulle.

Ta bonet tana zuwa da ɗan maɓalli mai sifirin da za ka huda ka ɗaura a gefen ɗakin inji, inda bonet zai danne shi. In bonet na buɗe, rimot ba zai tayar ba. Ka tuna da fitan, wato makanikin, da zai sa hannu kusa da fanka ko bel, rimot kuma yana aljihun yaronka a gida. Kada ka ɗaura maɓallin a magudanar ruwa, domin damina ɗaya ta ishe shi ya yi tsatsa.

Ta uku ta burkin hannu ce ko ta giya, gwargwadon zanen na'urarka. Wata rana an kawo mana mota mai giyar hannu da aka yi wa aikin a wani wuri. Mai aikin ya haɗa wannan wayar da bodi kai tsaye, ya kuma ketare swic ɗin kuloci. Mai motar ya danna rimot daga cikin gida, motar ta yi tsalle ta daki katangar maƙwabci, a layin da yara ke wasa kullum. Allah ne ya kiyaye.

7. Wayar da ke shaida wa akwati inji ya kama

Hannunka yana sakin makulli ne don kunnenka ya ji inji ya tashi. Akwati ba shi da kunne, da wayar tako yake ji, wato wadda ke nuna juyin inji. Ana samunta a wayar injekta ɗaya, wadda launinta ya bambanta da na sauran injektocin, ko a gefen kwayil. Juya mita daga volt na batir zuwa volt na AC, ka tayar da mota. Wayar da ta dace za ta nuna wani abu tsakanin volt 1 da 6, lambar kuma ta motsa in ka taka totur.

Na'urori da yawa suna da hanyar da ba ta buƙatar wannan waya, suna sauraron ƙarfin batir ne kawai. Ya fi sauƙi, amma a tsohuwar mota mai gajiyayyen altaneta ba na yarda da shi: ko ya saki stata da wuri, ko ya riƙe shi bayan inji ya kama har haƙoran su ci juna. Ja wayar. Bi da ita ta robar da wayoyin mota ke ratsawa zuwa ɗakin inji, nesa da salansa.

8. Ƙofofi da fitilu

Wayar da ke sanar da buɗe ƙofa tana bayan robar da ke gefen ƙafar direba. A yawancin motocin Japan da Koriya tana komawa bodi ne in an buɗe ƙofa, a tsofaffin Ford kuwa 12 take kawowa. Akwatin yana da waya ga kowane iri, ɗaya za ka yi amfani da ita. Buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar duka huɗun suna motsa mitar. In kowace ƙofa da wayarta, sai ka tara su ta hanyar dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, kowace da nata.

Kulle da buɗewa a Toyota, Honda da Nissan yawanci ɗan taɓin negatif ne, kai tsaye ake haɗawa. Tsofaffin Benz da Audi masu kulle da famfon iska suna son taɓin ya daɗe kamar daƙiƙa uku da rabi, kuma akwai wurin saita hakan. Fitilar fakin kuma ka ɗauke ta a inda take nuna 12 cif, ba wayar da ke raguwa in ka juya maɓallin hasken dashbod ba.

9. Imobilaiza

In motarka ba ta da shi, wuce. In tana da shi, hanya mafi sauƙi ita ce ɗan akwatin da ake sa makulli na biyu a ciki, zobensa kuma a zagaya shi a bakin gidan makulli. Yana aiki ne kawai lokacin da rimot ya kira shi.

Gargaɗi: wasu sukan ciro guntun lantarkin su manna shi da gam a bakin gidan makulli har abada. Wannan kashe tsaron motar ne ɗungurungum, kowane ƙarfe da ya murɗa zai tayar da ita. Makullin da za ka sa a akwatin ma, a goge haƙoransa, ka kuma ɓoye akwatin can sama cikin dashbod.

10. Haɗawa

Sake cire batir. Fara da baƙar wayar bodi: kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure ta da noti nata ita kaɗai, gajera. Rabin alam ɗin da ke haukan dare, bodinsu ne bai kama ba.

Sauran wayoyin, ban da ta stata, ba a yanka su. Fere rigar kamar faɗin yatsa, ka raba silin gida biyu, ka zura sabuwar a tsakiya, ka naɗe, ka zuba dalma har ta shige ciki, sannan tef. Murɗawa da hannu a naɗe da tef ba haɗi ba ne a hanyoyinmu. Ramuka za su sassauta shi, wayar ignishin kuma wuta mai yawa take ɗauka, inda ya sassauta nan zai yi zafi.

Waya ɗaya tak ake yankawa, ta stata, don rile mai hana ɓarawo tayarwa. Ɓangaren makulli da ɓangaren stata su hau ƙafafun rile masu lamba 87a da 30, yadda in alam ya lalace motarka za ta ci gaba da tashi. Wayar tayarwa ta akwatin kuma a ɓangaren stata take shiga. In ka sa ta a ɓangaren makulli, alam ɗin zai hana kansa tayar da motar.

Gargaɗi: kada ka yarda a yanke wayar famfon fetur ko ta ignishin da sunan ƙarin tsaro. Ranar da rile ya saki kana tsakiyar wuce tirela a hanyar Tamale, inji zai mutu, sitiyari da burki su yi tauri.

Fiyus ya zauna kusa da inda ka ɗebo wuta, da lambar da kamfani ya sa, galibi 30 a manyan wayoyin. Wayoyin da ba ka yi amfani da su ba, rufe bakin kowace daban.

11. Jiniya, sensa, eriya

Jiniya a ɗakin inji, bakinta na kallon ƙasa don kada ta tara ruwa, a inda hannu ba zai kai ta ƙarƙashin mota ba. Eriya a saman gilashin gaba bayan madubi, ɗan nesa da ƙarfen rufi. Sensar girgiza a ɗaure ta da igiyar roba a jikin babban damin waya. Ƙaramin maɓallin kashe alam na gaggawa kuma a ɓoye shi inda kai kaɗai ka sani, ba ƙasan sitiyari inda kowa ke fara laluba ba. Shi ne zai cece ka ranar da batirin rimot ya mutu.

Sensar nan kada ka ƙure ta. A zango gida na jikin gida, alam ɗin da ke ihu don tsawa ko don tifa ta wuce, kwana uku maƙwabta za su daina leƙowa, na huɗu su kai ƙararka wurin mai unguwa. Saita ta yadda ɗan bugu da tafin hannu zai sa ta yi gajeren gargaɗi, duka mai ƙarfi ne kawai zai sa ta kwarma.

12. Gwaji kafin ka rufe

Mayar da batir, ka tayar da makulli tukuna don ka ga ba ka ɓata komai ba. Koya wa akwatin tako yadda takardarsa ta ce, yawanci inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ka danna maɓallin ɓoye. Sa duwatsu a tayoyi, ja burkin hannu, ka zauna a kujerar direba.

Danna rimot. Ta tashi, esi ya kawo? Taka burki, dole ta mutu. Sake tayarwa ka buɗe bonet, dole ta mutu, kuma ta ƙi tashi muddin yana buɗe. Sai gwajin giya: sa makulli a ON, kai giya D, kashe makullin, ɗaga ƙafarka kaɗan daga burki tana shirye, ka danna rimot. Bai kamata stata ya ko motsa ba. In motar ta yunƙura, taka burki, ka cire fiyus ɗin akwatin har sai an gyara wayar giya. Daga nan kunna alam ka buɗe kowace ƙofa da but, ka gwada tayarwa da makulli alam na kunne.

Koyi karɓar mota daga hannun rimot: shiga, kai makulli ON kawai, kada ka kai START, sannan ka taka burki.

13. Rufewa da kwanakin farko

Ɗaure akwatin can sama, ka naɗe wayoyinsa da baƙin tef su saje da na mota. Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka taka kowace feda, ka ga babu wayar da ke gogar wani abu.

Kafin ka tafi, auna abin da motar ke sha tana barci. Kashe komai, rufe ƙofofi, sa mita a amfiya 10 tsakanin kan batir na negatif da wayarsa, ka jira 'yan mintuna. Ƙasa da miliamfiya 50 daidai ne. In ya haura sosai, wataƙila akwai rile da ya kwana a kunne, kuma zai shanye batir in motar ta yi kwanaki a ajiye. Kada ka tayar da mota mita na tsakani, fiyus ɗin mitar zai ƙone.

Saita lokacin aiki a minti 10. Ya isa esi ya karya zafin, kuma ƙaramin inji a silo bai cika shan lita ɗaya a awa guda ba, sai dai in an mai da abin wasan yara. Ka riƙa barin maɓallin esi da fanka a kunne kafin ka fita, domin rimot ba ya murɗa su. Kada ka tayar a rufaffen gareji ko inda salansa ke kallon tagar ɗakin kwana, hayaƙin yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Duk ranar da za ka kai ta wurin fita ko wurin wanki, kashe tayarwar da maɓallin ɓoye, ka kuma ajiye takardar da ka rubuta sunayen wayoyi a cikin aljihun dashbod don mastan da zai taɓa motar bayanka.